Yatsan Jan Biro

Mijin yayata bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata. In ka tambayi mutanen layinsu za su ce maka mutumin kirki ne, sai dai ka lura ba wanda ke kiransa hira. Ni kuwa ba na ɓoye-ɓoye, ba na ƙaunarsa, kuma ya sani. Tun ranar da ya fara zuwa wurin Yaya nake jin haushinsa, don a ranar ya karɓi littafin makarantata ya duba, ya ce malamin da ya ba ni maki mai kyau a Turanci bai san aikinsa ba. Ina 'yar firamare lokacin. Ban yafe ba har yau da nake da furfura.

Jan Biro ake ce masa, kuma shi kaɗai ne bai ɗauki sunan a matsayin zagi ba. Aikinsa gyaran rubutu ne a wata maɗaba'a, inda ake buga littattafan makaranta da kalanda da takardun kamfanoni. Na taɓa shiga kai masa saƙon Yaya. Ofis ɗinsa wani ɗan akurki ne a bayan injina, ba taga, sai fitila da ta sunkuyo kan tebur, da rular ƙarfe da yake bin layi da ita, da wani ƙamus mai kauri da bangonsa ya cire aka ɗaure shi da roba. Ko'ina warin tawada da man inji. Duk takardar Turanci da za a buga sai ta bi ta hannunsa. In ya ga kuskure ba ya magana. Sai ya juya biron ya buga gindinsa a tebur sau biyu, ƙwas-ƙwas, sannan ya ja jan layi. Ma'aikatan wurin sun ce duk ƙarar injinan nan suna jiyo wannan bugun, kowa gabansa ya faɗi, don bai san ko shi aka kama ba.

Ya iya aikin, wannan kam ko ni ba zan hana shi ba. Abin da ya ɓata shi, bai san ana tashi daga aiki ba. Kowane ma'aikaci in an tashi yakan rataye rigar aiki ya wanke hannu ya tafi gida. Shi da biron a aljihun gaba yake dawowa, ya zauna a falo yana jiran wani ya buɗe baki.

Ubansa direba ne, bai yi boko ba. Akwai labarin da Jan Biro ke son bayarwa, wai yana yaro ya yi kuskure a jimlar Turanci, malaminsu ya ɗora shi kan tebur ya tsaya har aka tashi, 'yan aji suna yi masa dariya. Wani zai ba da irin wannan labari da takaici. Shi da alfahari yake bayarwa, yana gyara zaman tabarau, ya ce, "Wannan malamin shi ya yi ni." Ni kuwa sai in ce a raina, to Allah ya isa tsakaninmu da wannan malamin.

Ya kafa doka a gidansa, in ana cin abinci Turanci za a yi, wai don yara su goge. Yara biyu gare su, namiji da mace. Kai, ka ga cin abinci kamar zaman kotu! Yaro zai ɗauko labarin abin da ya faru a makaranta da zumuɗinsa, bai kai tsakiya ba sai ka ji ƙwas-ƙwas, gindin cokali a kan tebur. Sai a tsaya, a maimaita jimla, a sake maimaitawa, kafin a gama labarin ya huce, abincin ma ya huce. Ba a daɗe ba yaran suka gano dabara, suka daina ba da labari. Namijin yana gama makaranta ya nemi aiki a gari mafi nisa da ya samu. Turancinsa tsaf, kamar a rediyo, amma in ya kira waya uwarsa yake nema.

Wata rana ina gidan ana ruwan sama, 'yar tasu ta dawo daga makaranta ta buga ƙofa. Ya tambaya da Turanci ko waye. Ta ce, "It's me," wato ni ce. Ya tsaya a bayan ƙofa hannunsa a kan sakata, bai buɗe ba. Ta sake bugawa, ya sake tambaya. Yarinya tana jiƙewa, shi yana jira ta ce "It is I," wanda shi ma ni ce ɗin dai yake nufi, amma wai shi ne na masu ilimi. Na ture shi na buɗe. Na ce, "Malam, in mura ta kama ta, da wane Turancin za ka yi mata magani?" Ya ce, "Tela, wannan ba ɗinki ba ne." Haka yake kirana, Tela, don ɗinki nake yi, kuma yadda yake furta shi sai ka ce sunan wata cuta.

Da yarinyar ta girma ta nuna masa a waya cewa su kansu masu harshen "It's me" ɗin suke cewa, har manyan marubutansu. Ya karɓi wayar ya karanta, ya miƙa mata, ya ce Turawan yanzu ba su san Turanci ba. Ka ji fa! Ɗan direba zai koya wa Bature harshen uwarsa.

A babban kanti kuwa ya taɓa sa aka kira manaja, saboda an rubuta "less" a allon wurin biyan kuɗi inda shi yake ganin "fewer" ya kamata, wai ɗaya ta abin da ake aunawa ce ɗaya ta abin da ake ƙirgawa. Mutane sun yi layi a bayansa suna tsaki, shi yana yi wa manajan karatu. Yaya ta ajiye kwandon sayayya ta fita ta tsaya a waje kamar ba tare suke ba. Allon shagona ma bai tsira ba. Na biya mai fenti ya rubuta min "Ladies Tailor" da shuɗi, kyakkyawa. Na zo da safe na tarar da wani jan ɗigo a saman harafin ƙarshe na kalmar farko, kamar an murƙushe sauro da ya ƙoshi. Wai akwai 'yar alamar da ake ratayawa a wurin. Na shafe, ya sake sawa. Na shafe, na aika masa cewa in ya ƙara taɓa min allo zan ɗinke masa aljihun da yake sa biron. A nan muka tsaya.

Yaya kuwa, Allah sarki. Nas ce, kowa Sista yake ce mata, har shi. Mace mai surutu da dariya, in ta shigo gida sai ka ji kamar mutum biyar suka shigo. A asibiti da Turanci take aiki wuni guda, da likitoci, da rubuta rahoto, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ta ba. Amma in ta dawo gida ta ɗauko labarin wani majiyyaci, sai ƙwas-ƙwas. Takan yi dariya ta ce min, "Rabu da shi, Auta, haka Allah ya yi shi." Na ce Allah bai yi shi haka ba, wani malami ne ya yi shi, shi da bakinsa ya faɗa. Ta yi ta dariya. Amma ina lura, shekara bayan shekara, hirarta a gidana ta ƙaru, ta gidanta ta ragu.

Da kwamfuta ta zo, maɗaba'a ta ce ba ta bukatarsa, aka sallame shi da agogon bango. Daga nan duk ƙarfin da yake rabawa tsakanin ofis da gida ya tare a gida. Zai zauna a kujerarsa mai hannun katako ya kunna labarai, mai karanta labarai na magana yana bugawa, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ya daina bukatar biro ma, yatsansa manuni ya isa, farcen ya yi tauri. Wurin da yake bugawa a hannun kujerar fentin ya goge, katakon ya yi fari ya ɗan lotsa.

Wata safiya Yaya ta faɗi a kicin tana dafa shayi. Hawan jini ne ya buge ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Tana gane kowa, tana jin duk abin da aka ce, ka ga maganar a idonta, amma ta kasa fitowa. Na tsaya a gefen gadon asibiti ina kallon matar da ba ta taɓa barin wani ya gama jimla ba saboda surutu, tana motsa leɓe ba sauti. Na fita baranda na yi kuka kamar raina zai fita.

Aka haɗa mu da wata likitar magana, matashiya, aikinta koya wa irin su Yaya magana daga farko. Ta tara mu, ni da shi, ta yi mana bayani. Ta ce maganar za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa, kuma watannin farko su ne komai, in suka wuce baki a rufe, da wuya ya buɗe. Ta ce kalmomi za su riƙa fitowa a hargitse, kuma abin mamaki, 'yan kalmomin da suka fara fito wa Yaya na Turanci ne, na wurin aikinta. Ta ce kada a gyara mata, kada a ƙarasa mata, a jira ta, duk abin da ta ce a karɓa da fara'a, don mai irin wannan ciwo in ya ji kunya sau biyu sau uku, sai ya daina gwadawa.

Tana bayanin tana ɗan surkawa da Turanci. Ka san abin da mutumin nan ya yi? Matarsa na kwance a ɗaki na gaba, ya ɗaga yatsa ya gyara wa likitar wata kalma, wai "whom" ya kamata ta ce ba "who" ba. Wallahi da ba a asibiti muke ba da na kwaɗa masa jakata. Likitar ta dube shi ta ce, "Na ji, Baba. Ni ka gyara min yadda kake so. Amma Mama, ko sau ɗaya kada ka yi mata." Ya ce ya yi alkawari, ba zai ce mata komai ba.

Aka sallame ta, suka koma gida. A nan ma sai in faɗi gaskiya ko da ba na so. Ya yi jinya. Shi ke ɗaga ta, shi ke kai ta banɗaki, shi ke wanke zannuwan gado, magani bai taɓa wuce lokacinsa ba. Ya koyi taje mata kai, ko da yake abin da yake yi ba ya kama da taza. Kuma ya cika alkawarinsa, bakinsa bai taɓa gyara mata ba. Har na fara cewa a raina, ashe ciwo na gyara mai lafiya.

Sai dai abu ya ƙi gaba. A ɗakin likita Yaya takan fitar da kalma biyar, shida, har ta haɗa biyu. In aka dawo gida sai ta yi gum. Mako na zagayowa, likita ta ga an koma baya. Ta tambaye shi ko ana yi mata hira a gida, ya ce kullum, har jarida yake karanta mata. Ta tambaye ni, na ce ni da yamma nake zuwa, kuma nakan tarar da ita ta juya fuska bango. Likitar ta ce lokaci na tafiya. Wannan maganar ta hana ni sukuni, ina kan keke ina ɗinki ina jin ta a kunnena.

Ranar da abin ya fito fili na rufe shago da wuri na tafi da rana tsaka. Na tarar da Yaya a falo an jingina ta da matasai, shi yana kujerarsa. Fuskarta a sake, da gani akwai abin da take son faɗa min. Ashe 'yarta ce, wadda ita ma ta bar gida tuni, ta kira da safe. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta fara kokawa da bakinta. Jijiyar wuyanta ta tashi, gumi ya tsatso mata a goshi. Na ce, "Ina jin ki, Yaya, ba sauri." Da ƙyar ta ce, "He... he call me." Ta ce shi maimakon ita, amma wa ya damu? Kalma uku a jere! Zuciyata ta yi fari, na buɗe baki zan yi guɗa.

Ƙwas-ƙwas.

Idon Yaya ya bar fuskata ya tafi kan hannun kujerar. Na bi idon nata. Yatsan yana nan a kan farin wurin nan da ya lotsa. Shi kuwa fuskarsa har da murmushi, yana gyaɗa mata kai alamar ta ci gaba. Na ga leɓunanta sun haɗu, hannunta ya saki nawa, ta juya fuska bango.

Na miƙe. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam, me ka yi yanzu?"

"Me na yi? Na ce wani abu ne?"

"Yatsanka! Wannan la'anannen yatsan naka!"

Ya dubi hannunsa kamar na wani ne aka ajiye masa a kan kujera. Ya ce bai buga komai ba. Na ce da kunnena na ji, ita ma ta ji, kuma ta daɗe tana ji, shi ya sa duk abin da likita ta gina kai kake rushewa kana murmushi. Na ce ka kori ɗanka da shi, ka kori 'yarka, yanzu ka zo kan matar da ta rage mata kalma uku a duniya, su ma sai ka ja musu jan layi.

Da ya yi shiru a nan, da ya ce Tela ban sani ba, wallahi da na sassauta. Amma Jan Biro ne. Ya gyara tabarau ya ce ko da ya buga ɗin, ai ba laifi ba ne mutum ya san inda ya kauce, don in ta koyi maganar a karkace haka za ta zauna mata, kuma shi ba ya son a riƙa yi wa matarsa dariya a gari.

Na ce, "Dariya? Wa zai yi mata dariya? Kai kaɗai ne a faɗin garin nan za ka ji mace ta tashi daga bakin kabari ta yi magana, ka tsaya duba ko ta sa waƙafi!"

Na wanke shi tas, na faɗi na yau na faɗi na shekara talatin, har maƙwabciya ta leƙo. Sannan na durƙusa gaban Yaya na ce, "Yaya, za ki bi ni gidana?" Ba ta juyo ba. Amma hannunta na hagu ya lalubo bakin mayafina ya damƙe, damƙar da sai da na yi da gaske na ɓamɓare don in haɗa mata kaya. Ya tsaya a ƙofa yana cewa ba a ɗauke wa mutum mata haka, wa zai ba ta magani kan lokaci, ni da ko sunan magungunan ban iya karantawa daidai ba. Na kira 'yarsa na sa wayar a kunnensa. Ban san abin da ta ce masa ba, gajeruwar magana ce, amma ya kauce daga ƙofar. Shi da kansa ya ɗauki Yaya ya sa a mota, ya gyara mata ƙafa, ya miƙo min ledar magani da bayanin kowanne. Ban ce masa na gode ba.

Gidana a bayan shagon yake, ƙofa ɗaya ta raba su. Na sa wa Yaya kujera a cikin shagon, kusa da taga, tsakanin teburin yanka da buhun ƙyallaye. Wurin ba shi da natsuwa ko kaɗan. Keke na ƙara, rediyo na yi, mata na shiga suna fita, wannan ta ce an matse mata hannu, waccan ta ce an sakar mata ƙugu, ana gulma ana shewa. Ba mai zuba wa Yaya ido yana jiran ta yi magana. Za su gaishe ta, "Sannu Sista, ya jiki," su ci gaba da surutunsu a kanta. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, har na fara tsoron ko na makara.

Sai ranar da wata mata ta zo karɓar riga, ta sa ta ƙi shiga, ta hau rantsuwa wai na rage mata awo, ita ba ta ƙara ƙiba ba tun bara. Muna ta ja-in-ja, sai muka ji murya daga wajen taga, a kausashe, a karkace, amma tar:

"Ƙarya!"

Duk muka waiwaya. Sannan aka fashe da dariya, har mai rigar, ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Yaya na dariya da rabin baki, hawaye na zuba. Da Hausa ta faɗa! Na rungume ta da almakashi a hannuna, saura kaɗan in yanke mata kunne.

Daga nan abin ya ɓalle. Ba wai ta koma yadda take ba, ba za ta koma ba, likita ta gaya mana. Maganarta guntu-guntu ce, Hausa da Turanci a cakuɗe, takan ce min "shi", takan kira almakashi cokali, wani lokaci ta nemi kalma ta rasa ta bugi cinya don haushi. Amma tana magana. Tana sa baki a cinikin da ba nata ba. Tana kiran 'ya'yanta a waya su yi ta fama har su gane. Likitar da ta ji ta, sai da ta tafa.

Shi kuwa ya fara zuwa. Ranar farko ya shigo da ledar lemo, aljihun gabansa ba biro, ka ga shatin inda biron yake zama. Yaya na tsakiyar ba wata mata labari da hannu da baki. Tana ganinsa ta haɗe leɓe. Ya gaishe ta, "Sista, ya ƙarfin jiki?" Ta gyaɗa kai. Ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu a aljihun wando, ya yi ta jira. Ba ta ce komai ba har ya tafi, kuma yana fita ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka aka yi ta yi. Ba fushi take nuna masa ba, tana karɓar lemonsa, tana barinsa ya gyara mata matashi. Bakin ne kawai ba ya buɗewa in yana ɗakin, kuma idonta a kan aljihunsa yake.

Ya gwada dabaru. Wata safiya kafin in buɗe shago ya buga ƙofa, na tambaya waye. Sai na ji ya ce, "It's me," da murya kamar mai haɗiyar ƙashin kifi. Na ce, "Da ka faɗi haka ranar da 'yarka ke tsaye a ruwa." Na buɗe masa dai, don kada maƙwabta su ce na hana mutum ganin matarsa.

Da ya ga ba ta magana in yana ciki, sai ya daina shigowa. Akwai benci a waje, ƙarƙashin tagar da Yaya ke zama, inda mazan da suka rako matansu kan jira. Nan ya koma. Zai gaishe ta ta taga, ya zauna, bayansa jingine da bango inda ba ta ganinsa. Can in ta manta da shi sai ta ci gaba da hirarta, shi yana ji. Na leƙa rannan na gan shi ya zauna a kan tafukan hannuwansa, dattijo da furfura, kamar wanda aka yi wa horo a aji. Ban ji tausayinsa ba. To, na ɗan ji, amma na tuna fuskar Yaya tana juyawa bango sai abin ya wuce.

Na tambaye ta ko in kore shi. Ta girgiza kai ta ce, "Bar shi. Waje."

Wata yamma ina rufe shago ya tare ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce, "Auta." Bai taɓa kirana haka ba. Ya ce in tambayar masa ita, yaushe za ta yi masa magana, ko kalma ɗaya, ko da wane harshe, ko ta yaya ta fito. Ya ce gidan ya yi masa shiru, ya daina kunna labarai ma.

Na shiga na gaya mata yadda ya ce. Ta daɗe tana kallon hannunta da ya shanye. Sannan ta fara haɗa maganar, ɗaya bayan ɗaya, ina jira, ban ƙarasa mata ba.

"Da... ina da baki. Cike. Bai ji ba. Kuskure... ya ji." Ta numfasa. "Yanzu kaɗan. Nawa ne."

Na fita na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, guntu-guntu, ban gyara ko ɗaya ba, ban sassauta ba. Ina kallon hannunsa na dama. Yatsan ya ɗaga daga kan cinyarsa, ya tsaya a sama, sai ya kai hannun hagu ya damƙe shi. Ya tsaya haka yana kallon ƙasa. Can ya ce ko zai iya zuwa gobe.

Na ce bencin na masu jiran ɗinki ne, wanda ya riga zuwa shi ke zama.

Da na buɗe shago washegari yana kai, ya zauna a kan hannuwansa. Na gyara wa Yaya kujerarta, na buɗe tagar don iska, na hau keke na ci gaba da aikina.